Ko Uwarka Ce Ta Kira Ka

Litinin, 9 ga Agusta, 2021

Na tsinci littafin nan cikin kabad ɗin ajin da muke kwana. Rabi lissafin wani yaro ne, rabi fari. Na ɗauka. In sata ce Allah ya yafe mani.

Wata uku ke nan da muka baro ƙauyenmu na bayan Runka muka zo Batsari, ni da Inna da ƙanwata Kamila. Baba tun bara Allah ya yi mashi rasuwa. An zuba mu cikin firamaren unguwa, gida shida aji ɗaya, zani ne katanga. Mu gindin allo muka samu. Shekarata sha tara, aji huɗu na tsaya, yau ga ni ina kwana aji shida. Kamila ta ce ashe dai na yi gaba.

So nake hannuna ya tuna rubutu. Da dalili.

Talata, 10 ga Agusta

Ga dalilin. Tunda mun cika masu makaranta, yaran unguwa ba su da inda za su. Sai iyayensu suka haɗa kai suka yi tasu a gindin mangwaron Malam Sharhabilu, malamin gona na ƙaramar hukuma, can bayan gidaje, bakin gonarsa ta dawa. Ba a biyan ko sisi. Duk gidan da ya kawo ɗa zai ba da rana guda ya koyar da yaran duka, kamar gayya. Boko ne zalla. Karatun allo kowa da malaminsa da yamma.

Kamila kullum tana laɓe bayan shinge tana saurare. In ta dawo sai ta zauna gindin allonmu tana maimaitawa, har da muryar malamar. Shekararta takwas, ba ta taɓa zama aji ba, tun kafin ta isa shiga aka rufe ta garinmu.

Yau na je wajen shugabarsu, Malama Nana Hadiza. Ashe ajin nan da muke kwana nata ne da. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, na tambayi gida da yara da aiki, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dube ni, ta ce in dawo gobe.

Laraba, 11 ga Agusta

Ta ce in dawo gobe.

Alhamis, 12 ga Agusta

Gobe. Na gaishe ta da kyau dai na taho.

Asabar, 14 ga Agusta

An ɗauki Kamila.

Mai ranar Laraba aka yi wa canjin aiki zuwa Katsina, ranar ta zama ba mai ita, shi ya sa. Da ba haka ba da har yanzu ina kan gobe.

Ban ji duk abin da suka ce ba, daga zaure nake. Muryar Hajiya Ma'u dai ta fi ta kowa, matar wani babba ce a sakatariya. "Sun cinye mana makaranta, yanzu inuwar ma sai mun raba da su?" Can kuma na ji ta ce wa ya san wanda ke kai rahoto daji cikinsu. Na duba ƙafafuna. Duk faso.

Malama ta fito ta ce, "Aji nawa kika ce?" Na ce huɗu. Ta ce, "To Laraba taki ce. Amma ki sani, gidan da bai iya ranarsa ba, ɗansa tashi yake. Doka ce, ba ni na ƙi ku ba." Na ce na gode, Allah ya saka.

Kamila ta wanke hijabinta sau biyu. Inna ta kalle ta kawai. Dama Inna ba ta faye cewa komai ba yanzu.

Me zan koya masu, ni Zuwairatu?

Laraba, 18 ga Agusta

Da ƙasa ta tsage da na shiga.

Yara sha huɗu kan tabarmi, allo jingine jikin mangwaro. Na ce bari in yi masu ɗebewa, ita na fi tunawa. Kwana uku ina gwadawa a littafin nan. Da na riƙe alli sai lissafin ya kuɓuce mani, na manta inda ake arowa. Najib, ɗan Hajiya Ma'u, shekararsa goma, ya ɗaga hannu ya ce, "Anti, ba haka ba ne." Ya taso ya gyara. Daidai kau ya yi.

Sai na ce, "To kun ga abin da munka samu." Suka fashe da dariya, wai munka. Har aka tashi suna ta munka, sunka. Kamila ta sa kai cikin gwiwa.

Malama tana gefe a kujera tana ji. Da aka tashi na je na durƙusa, na san kora ce. Sai ta ce, "Bar lissafi, akwai masu shi. Waje muke, ba ɗaki ba. Ke 'yar ƙauye ce, koya masu abin da kika sani na daji." Ban sani ba ko taimako ne ko zagi. Na ce to.

Laraba, 25 ga Agusta

Yau dai alhamdu lillahi. Na zaga da su bakin gona. Tafasa, lalo, yaɗiya, rama, zaƙi-banza. Wanda ake ci, wanda ake ba akuya, wanda ko akuya ba ta taɓawa. Ashe ba su san komai ba. Jabir, ɗan Malam Sharhabilu, ubansa malamin gona guda, bai san gero da maiwa ba. Najib ya ce tafasa ciyawa ce, na ce ita muka ci wata biyu bara, ga ni ban mutu ba. Ya ce, "Da me?" Na ce da gishiri, ranar da akwai.

Kamila ce ke faɗin sunayen kafin in faɗa. Yau ba wanda ya yi mata dariya. Sun bar ce mani Anti, Yaya Zuwaira suke cewa, bakinta suka bi.

Juma'a, 27 ga Agusta

An raba masara, kwano biyu kowane gida. Wata mata ta mari wata a kan layi.

Inna ta wuni fuskarta na bango. Yau wata biyar cif. Bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Da la'asar 'yan bindiga suka zo ƙauyenmu, muna gona. Ni da Kamila da Habu ƙanena muka faɗa cikin karan da aka tara da duhuwar bakin rafi, Inna ce ba ta kai ba. Suka riƙe ta, suka ce ta kira ɗiyanta, ba abin da za su yi masu, ruwa kawai za su ɗebo masu. Bindiga a wuyanta. Ta kira. "Habu, ni ce, fito ba komai. Kamila, fito." Kamila ta yunƙura, na danne ta na toshe mata baki har ta cije ni, tabon na nan. Habu yana can gefe, hannuna bai kai ba. Shekararsa sha uku. Bai taɓa ƙin amsa kiran Inna ba. Ya miƙe ya ce na'am.

Har yau ko labarinsa.

Ni ba ta kira ni ba. Ni ce ta fari, Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba tunda ta haife ni, sai dai "ke" ko "'yar nan". Ko da bindiga bakinta bai iya ba. Kunya ce ta cece ni. Wani lokaci ina tunanin da ta kira ni da na fito. Na san da na fito.

Tun ranar ba ta ƙara kiran sunan kowa ba.

Laraba, 1 ga Satumba

Sawu muka yi. An yi ruwa jiya, ƙasa ta yi laushi. Sawun akuya, na tunkiya, na jaki, na kare. Na nuna masu yadda ake gane babur mai ɗauke da mutum ɗaya da mai ɗauke da uku. Malam Sharhabilu ya tsaya ya ji, ya ce, "Ikon Allah, ni ban san wannan ba." Na ji daɗi har na manta ban karya ba.

Kamila ta iya rubuta sunanta. K ɗin tana kallon baya, amma sunanta ne.

Abin da ke damuna, ganye ya ƙare, sawu ya ƙare. Laraba kuma ba ta ƙarewa.

Laraba, 8 ga Satumba

Ban shirya komai ba. Na ce bari mu maimaita ganye. Sai Jabir ya ce, "Yaya Zuwaira, in sun zo ya ake yi?" Ba wanda ya tambaye shi su wa. Duk suka zuba mani ido. Ashe suna ji, iyayen ne ke zaton ba su ji.

Malama ba ta nan, ta je gaisuwar rasuwa. Ita ta ce in koya masu abin da na sani na daji. To wannan na fi sani.

Na ce ba a bin hanya, ba a gudu gida, dawa ake shiga. A cire takalmi. Mai farar riga ya shafa taɓo. A yi nisa da rarrafe, a kwanta cikin kwarin kunya, fuska ƙasa. Babba ya riƙe ƙarami ya toshe mashi baki, ko ya cije shi kada ya saki. Na nuna masu tabona. Muka gwada sau uku. Na ukun ni kaina da na tsaya bakin gona ban ga ko kara ɗaya na motsi ba. Yaran birni ne amma suna da kai.

Sannan na faɗa masu babbar. Ba a fitowa don an kira suna. Ko uwarka ce ta kira ka. Najib ya ce, "Ko Mama?" Na ce ita ce ma za su sa ta kira. Na ba su labarin Habu. Ban yi kuka ba. Kamila ce ta tashi ta koma bayan mangwaro.

Juma'a, 10 ga Satumba

An ɗauke sabis ɗin waya. Mu da ba mu da waya, yau dai mun yi daidai da kowa.

Laraba, 15 ga Satumba

Sun tambaya, in ba a fitowa da kira, da me ake fitowa. Gaskiyarsu.

A garinmu bayan abin Habu, mata suka yi shawara. Tsohuwa Hansai ce ke ba da alama in an tabbata sun tafi. Taɓarya take bugawa cikin turmi ba komai a ciki, wani bugu da ba na daka ba, ba na lugude ba. Turmi wofi amonsa na kai nisa. Ita ta koya mani kafin mu watse. Ba zan rubuta yadda yake ba ko a nan.

Na aro ƙaramin turmi na koya masu har kunnensu ya riƙe. Na sa suka yi alkawari ba za su faɗa wa kowa ba, har iyayensu. Abin da uwa ba ta sani ba, ba a sa ta yi da bindiga. Najib ne ya fara ɗaga hannu ya ce ya yi alkawari. Yaron nan ba shi da laifi, bakinsa ne kawai.

Na dawo ina jin yau na biya wa Kamila kujerarta da abu mai daraja.

Lahadi, 19 ga Satumba

Ashe ban san komai ba.

Malama ta aiko aka kira ni. Hajiya Ma'u na zaune, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Wai jiya ta yi ta kiran Najib, yana ƙarƙashin gado, ya ƙi amsawa, wai gwaji yake. Wata kuma 'yarta ta farka tana kuka. Hajiya ta ce, "Mun fitar da su waje su sha iska su yi karatu, kin kawo mana dajinku har cikin ɗaka." Ta juya wajen Malama ta ce, "Kuma ya aka yi ta san yadda suke yi haka dalla-dalla?"

Na ce, "Hajiya, a kanmu aka yi." Ta ce kowa haka yake cewa.

Na ce wa Malama ai ita ta ce in koya masu abin da na sani. Ta ce, "Ganye nake nufi, Zuwairatu." An karɓe Laraba. An ba ni sharar gindin mangwaro da ɗebo ruwan sha kafin su yanke shawara a kan Kamila.

Wanda ya fi ciwo a gida ya same ni. Magana ta riga ni isowa, a ajin nan zani ba ya tare komai. Inna na tsince wake, ba ta ɗago ba, ta ce, "Wato ni ce darasin."

 

Talata, 21 ga Satumba

Na yi shara. Na ɗebo ruwa jarka biyu. Na tsaya bayan shinge inda Kamila ke tsayawa da.

Juma'a, 24 ga Satumba

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Bayan na yi masu shara na tafi cirar gyaɗa a gonar wani, ta hanyar Karare. Wajen hantsi muka ji ƙara biyu daga gari, muka duƙa, shiru, muka ci gaba da aiki. Rana ta take tsaka sai ga Malam Sharhabilu a kan keke, ba hula, rigarsa jage-jage da gumi. Ya ce, "Zuwairatu, yaran." Na hau bayan keken, ban ma tuna kunya ba.

A hanya ya faɗa mani. 'Yan sa-kai ne suka gwada bindiga a bayan gari ba su gaya wa kowa ba, kuma aka yi rashin sa'a babura suka wuce lokacin. Ranar Hajiya Ma'u ce, tana koya masu Turanci. Ta suri goyonta ta yi gida tana cewa yara su biyo ta. Ban ga laifinta ba, kowa haka zai yi. Da aka gane ba komai ta dawo, sai tabarmi da takalma ashirin da takwas a jere. Ba yaro ko ɗaya.

Maza sun shiga dawa sun tattake, amma gonar ta haɗe da wasu gonaki har rafi, dawa ta fi mutum tsawo. Awa biyu. Wata ta suma. Wasu samari har sun ɗauki sanduna sun nufi makarantarmu, wai a cikinmu mai ba da rahoton yake. Malam ne ya tuna Jabir ya taɓa ce mashi akwai maganar turmi, amma ya ƙi faɗa mashi yadda take.

Tun daga nesa na ji su. Mata a jere bakin gona, kowa da sunan da take kira. Muryar Hajiya ta dushe. Ba gyale, ba takalmi. "Najib, ni ce, Mama ce, fito ba komai." Kalma ɗaya ba ta canza ba daga na Inna. 

Na ce a kawo turmi. Aka kawo. Na buga.

Can nesa kara ya motsa. Sai ga su ɗaya bayan ɗaya, taɓo har ido. Najib na riƙe da wani ƙaramin yaro. Kamila ce ta ƙarshe, goye da 'yar shekara biyar, hannunta na jini inda yarinyar ta cije ta. Sha huɗu cif. Jabir ya zo gabana yana murmushi ya ce, "Yaya Zuwaira, mun iya?"

Hajiya ta rungume Najib, ta sake shi ta mare shi, ta sake rungume shi. "Kana jina? Kana jina ina kira?" Ya ce yana ji, yana ta kuka ma, amma ya yi alkawari.

Ta juyo gare ni. Na zaci zagi ne. A hankali ta faɗa. "Kin raba ɗa da muryar uwarsa. Allah ya isa."

Ba wanda ya ce sannu.

Lahadi, 26 ga Satumba

Sun zauna. Ni ina zaure, wurina.

Malam Sharhabilu ya yi magana, na ji shi, ya ce da gaske ne aka zo da yanzu wata maganar ake. Wani ya ce ai ba gaske ba ne, kuma nan gari ne, ba ƙauye ba, akwai jami'an tsaro. Mu ma haka muka ce da, sai a ƙauyen gaba.

Malama ta fito da hukunci. Kamila za ta zauna, shara ta zama ranarmu. Amma sai na tsaya gaban yaran gobe na ce masu duk wasa ne, in uwa ta kira a amsa. In ban faɗa ba, mu tashi.

Na ce, "Malama, in na faɗa, ranar da aka zo fa?" Ta kau da kai ta ce, "Ni ma uwa ce, Zuwairatu. Ba ki ji abin da muka ji ba." Wai ni ce ban ji ba.

Na tambayi Inna. Ta ce, "Ɗan kirki ne ya amsa. Kada ki mai da shi wawa a bakin yara." Ban gane ko cewa take in faɗa ko kada in faɗa ba.

Kamila ta kai shafi na tara a littafin karatu. Ɗazu ta karanta mani rubutun jikin buhun masara.

Litinin, 27 ga Satumba

Na faɗa.

Iyaye mata na tsaye a baya. Na ce wasa ne muka yi, kuma ya ƙare. Ba sauran turmi. In Mama ta kira a ce na'am, a fito da gudu. Na sa suka maimaita.

Jabir ya ɗaga hannu. Na yi kamar ban gani ba, bai sauke ba. Ya ce, "To Habu fa?"

Na ce tatsuniya ce.

Hajiya ta gyaɗa kai. Malama ta ce madalla, a buɗe shafi na goma. Kamila ta buɗe. Ba ta dube ni ba, a hanya ma gaba ta yi ta bar ni da jarka.

Laraba, 29 ga Satumba

Laraba. Wani ke koya masu sunayen manyan biranen duniya.

Asabar, 2 ga Oktoba

Kamila ta yi mani magana yau, gishiri ta ce in miƙo mata. Ciwon hannunta ya kama warkewa. Zai bar tabo daidai inda nawa yake.

Najib ya same ni ina shara kafin kowa ya zo. Ya tsaya yana wasa da ƙasa da ƙafa. Ya ce, "Na san ba tatsuniya ba ce." Na ce ya je ya zauna kafin uwarsa ta gan shi da ni.

Talata, 5 ga Oktoba

Shekaranjiya an shiga wani ƙauye ta wajen Karare, da rana tsaka. Waɗanda suka tsira sun iso jiya, an ƙara mana gida biyu a aji, an matsar da zaninmu. Wata mata cikinsu ta ce uban yara aka riƙe, aka sa ya kira. Uku suka fito.

Yau bayan la'asar sai ga Malama Nana Hadiza a ƙofar ajinmu. Tunda muka zo ba ta taɓa takowa ba. Ta tsaya tana kallon allonta, mun rataye tsummokara a ƙusar da take rataye kalanda. Ta gaida Inna. Ina tankaɗe, na amsa daga zaune. Sai da ta tafi na lura ban tashi ba, ban ba ta tabarma ba.

Ta rage murya, a ajin da ba a ɓoye komai. Wai sun yi magana da Malam Sharhabilu. Wai ko zan koya mata bugun nan, ita kaɗai, saboda halin yau da gobe. Kuma ko zan ɗan sake yi wa yaran magana, ba sai Hajiya ta sani ba tukuna.

Na ce, "Wane bugu, Malama? Ai wasa ne."

Ta ce, "Zuwairatu, don Allah."

Akwai abin da ban rubuta ba ranar nan. Da aka kawo turmin ban buga nan take ba. Taɓarya na hannuna, Hajiya na kira. Na bari ta kira shi sau uku, ina ƙirgawa. Ban san me ya sa ba. Ko na sani.

Yaran ba su yi mani komai ba. Zan koya mata, ina jin. Kamila ma a gindin mangwaron nan take zama.

Amma na ci gaba da tankaɗena, na ce mata yau ina da aiki, ta dawo gobe.

Ta ce to.